Gwajin Ƙarfi da Gwaninta a Wasanni: Daga Filin Ƙanƙara na Kanada Zuwa Fagen Kokawa na Kebbi

Gwajin ƙarfi da gwaninta tsari ne na auna jikin ɗan wasa da iyawarsa da lambobi: daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya ƙare gudun mita 30, santimita nawa ya yi tsalle, minti nawa ya jure kafin numfashinsa ya sarƙe. Ana rubuta sakamakon a ajiye, a maimaita gwajin bayan wasu watanni, sannan a kwatanta na baya da na yanzu. Daga wannan kwatanci ne mai horarwa yake gane abin da yaro ya rasa, da irin atisayen da ya dace da shi, da lokacin da ya isa a haɗa shi da waɗanda suka fi shi.

Ɗaya daga cikin wasannin da suka shahara da wannan tsari shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ake yi a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da Amurka da Rasha. Babu filin ƙanƙara a Liba ta ƙaramar hukumar Maiyama, ko a Jega, ko Aliero, amma akwai matasa masu kokawa da dambe da langa da ƙwallon ƙafa, kuma tambayar da iyayensu da iyayen gidansu suke yi ita ce dai wadda ake yi a Kanada: yaron nan ya isa kuwa, in bai isa ba me ya rage masa?

Awon gargajiya a fagen kokawa da dambe

Hausawa sun daɗe da nasu ma'aunin. A ƙauyukan masarautar Gwandu, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin kaka ne kasuwar kokawa da dambe take ci, bayan an kai amfanin gona gida. Bisa al'ada yara ne suke buɗe fage, samari su biyo baya, manyan 'yan wasa su rufe. Masu haɗa wasa suna duban tsayi da faɗin ƙirji da kaurin damtse kafin su yarda a kara, domin a haɗa tsara da tsara. A dambe kuwa matashi yakan zauna ƙarƙashin ubangida yana koyo, har a riƙa kiransa Shagon wane, kuma ubangidan ne yake yanke hukuncin ranar da zai naɗe hannu ya shiga fage da wanda ya yi suna.

Wannan awo ne na ido da gogewa, kuma masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Rauninsa biyu ne. Na farko, ba a rubuta shi, don haka idan ubangida ya rasu ko yaro ya koma wani gari, abin da aka sani game da shi ya tafi. Na biyu, ido yana ganin wanda ya yi kaye da wanda ya sha ƙasa, amma ba koyaushe yake bambance dalili ba: rashin ƙarfi ne, ko ƙarancin numfashi, ko rashin dabara?

Yau wasannin nan sun wuce dandalin ƙauye. Kokawa da dambe suna cikin abubuwan da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kokawa da dambe da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a kansu a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. A Jamhuriyar Nijar, gasar Takobi da aka fara a Tawa a 1975 tana haɗa 'yan kokawa goma-goma daga jihohin ƙasar takwas, kuma jihar Dosso, mai iyaka da Kebbi, ita ta fitar da Issaka Issaka, wanda ya ɗaga takobin sau da dama. Gasar kokawa ta ƙungiyar ECOWAS kuwa tana raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa nauyinsu. Duk wanda zai je irin waɗannan wurare zai tarar da sikeli da agogo suna jiransa.

Yadda tsarin ya bunƙasa a filin ƙanƙara

An buga wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara na farko da aka tsara a cikin rufaffen fili ranar 3 ga Maris, 1875, a birnin Montreal na Kanada, aka kuma kafa gasar ƙwararru ta NHL a 1917. Kowane ɓangare yana da mutum shida har da mai tsaron raga. Suna zamiya ne a kan takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna tura wani ɗan faifan roba da sanda, a zango uku na minti 20 kowane. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika wuce minti guda a fili kafin a canza shi ya huta ya dawo. Ta wannan fuska wasan ya yi kama da kokawa da dambe: aiki mai zafi na ɗan lokaci, hutu kaɗan, sai kuma a sake.

Abin da ya farkar da Kanada shi ne karawarta da Tarayyar Sobiyet a 1972. 'Yan Kanada sun shiga da yaƙinin cewa babu kamarsu, suka ci biyu tun farkon wasan farko a Montreal, amma aka tashi Sobiyet na da 7, Kanada 3. 'Yan Sobiyet sun taso ne a tsarin da Anatoli Tarasov ya gina, na atisaye kusan duk shekara, a kan ƙanƙara da kuma a tudu, yayin da 'yan Kanada suka fito daga hutun bazara. Kanada ta ƙwaci kanta da ƙyar a wasanni takwas ɗin, ta ci huɗu, ta sha kashi a uku, aka yi kunnen doki a ɗaya. Bayan haka batun horar da jiki da auna shi ya sami gindin zama a wasan.

A yanzu, kowace shekara gab da zaɓen sababbin 'yan wasa, NHL takan tara matasa kimanin 100 domin a gwada su. A da a Toronto ake taron, tun 2015 kuma aka mayar da shi Buffalo ta Amurka. Ana auna tsayi da nauyi da tsawon hannuwa da yawan kitse, a gwada ƙarfin damƙa, da tsalle, da ɗaga ƙarfe daidai rabin nauyin mutum, da jan jiki sama a kan sanda, da saurin sauya alƙibla. Gwaje-gwaje biyu mafi wahala a kan keke ake yinsu: ɗaya na ɗan gajeren lokaci da mutum zai taka da iya ƙarfinsa, ɗayan kuma na dogon lokaci da abin rufe baki da hanci, domin a auna yawan iskar da jiki yake iya amfani da ita.

Abubuwan da ake aunawa da kayan da ake bukata

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje suna da takwarori masu sauƙi. Agogon da ke cikin wayar hannu, tef ɗin awo irin na magina, sikelin awon mutum, alli, igiya da littafin rubutu sun isa a gudanar da su a filin makarantar firamare.

Juriya. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na minti 12, wanda likitan sojan saman Amurka Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968: mutum ya yi gudu na minti 12, a auna nisan da ya ci. Domin ƙiyasta ƙarfin numfashin baligi, ana cire 505 daga adadin mitocin, a raba abin da ya rage da 44.7. Wanda ya ci mita 2,400 zai sami kimanin 42, wanda ya ci 2,800 kuma kimanin 51. Akwai kuma gwajin kai-da-kawo na mita 20 da Luc Léger na Jami'ar Montreal ya tsara a farkon shekarun 1980, inda ake gudu tsakanin layi biyu ana bin ƙarar da take ƙara sauri kowane minti, har mutum ya kasa cim mata. Ana samun sautin a intanet.

Sauri da zafin nama. Ana auna gudun mita 10 da na mita 30. Na farko yana nuna saurin tashi, na biyu saurin da mutum yake kaiwa. Domin sauya alƙibla, ana ja layi uku da tazarar mita 5, ɗan wasa ya tashi daga na tsakiya zuwa dama, ya juyo zuwa can hagu, ya dawo tsakiya.

Ƙarfin ƙafa. Tsallen gaba daga tsaye, da tsallen sama. Na biyun tsohon gwaji ne da Dudley Sargent ya bayyana a 1921: mutum ya shafa alli a yatsunsa, ya taɓa bango a tsaye, ya yi tsalle ya sake taɓawa, a auna tazarar da ke tsakanin alamun biyu.

Ƙarfin hannu da gangar jiki. Ana ƙirga sau nawa mutum zai ja jikinsa sama a kan sanda har haɓarsa ta wuce ta, ko daƙiƙa nawa zai yi a rataye. Wannan yana da muhimmanci ga ɗan kokawa, domin wanda riƙonsa ya saki ya ba abokin karawa dama.

Daidaiton jiki. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a buɗe sannan a rufe, a kowace ƙafa. Duk wanda ya yi langa a ƙuruciya ya san wannan gwaji tun kafin a ba shi suna. Abin lura a nan shi ne bambancin ƙafar dama da ta hagu, domin idan ya yi yawa yakan zama alamar tsohon ciwon da bai warke ba.

Gwajin gwaninta

Ƙarfi daban, iya wasa daban. A ƙwallon gora na kan ƙanƙara ana sa yaro ya zagaya alamomi sau biyu, da farko hannu wofi, sannan yana tura faifan. Tazarar lokutan biyu ita ce ma'aunin gwanintarsa: idan ta yi kaɗan, hannunsa ya faɗa, idan ta yi yawa, sauri yake da shi kawai. Haka ake yi wa ɗan ƙwallon ƙafa, ya gudu mita 30 tsakanin alamomi babu ƙwallo, ya maimaita da ƙwallo, sannan ya buga goma da ƙafar dama, goma da hagu, zuwa wani wuri da aka shata a bango.

A kokawa ana iya ƙirga kaye nawa matashi zai yi cikin minti guda da abokin atisaye mai nauyinsa, da sau nawa zai kuɓuce daga riƙo cikin gwaji goma. A dambe ana duban yawan naushin da ya sauka inda aka nufa, da kuma ko hannun da yake karewa da shi yana tsayawa a wurinsa bayan gajiya ta shigo. Irin wannan awo ba ya kai na agogo daidaito, don haka ya fi kyau mutum biyu su ba da maki kowa shi kaɗai, sannan a haɗa.

Shekaru da girman jiki

Babban darasin da filin ƙanƙara ya koya wa sauran wasanni ya shafi ranar haihuwa. A 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na fitattun matasan wasan a Kanada an haife su ne daga Janairu zuwa Maris, kimanin kashi 10 kawai daga Oktoba zuwa Disamba. Dalili shi ne ana raba rukunin yara daga 1 ga Janairu. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda a rukuni ɗaya, ya fi shi girma da ƙarfi, sai a zaɓe shi, a ba shi horo mai kyau, tazarar ta ƙaru. Masu zaɓe suna zaton baiwa suke gani, alhali girma suke gani.

Balaga tana ƙara dagula lissafin. 'Yan mata sukan yi saurin tsawo a wajen shekara 12, maza a wajen 14, amma wani yakan riga tsaransa da shekara biyu, wani ya makara da biyu. A wannan lokaci ƙashi yana riga jijiya tsawo, yaro yakan yi ƙorafin ciwon gwiwa ko diddige, wasansa ma yakan ja baya na ɗan lokaci. Auna tsayi duk wata uku yana nuna lokacin da abin ya zo, domin a rage nauyin atisaye. Tun wajen 2015 wasu makarantun ƙwallon ƙafa na Ingila suka fara shirya gasar da ake haɗa yara bisa girman jikinsu maimakon shekarunsu, abin da masu haɗa kokawa a ƙauyukan Kebbi suka daɗe suna yi da ido.

Kanada ta kuma yi amfani da ƙididdiga wajen kare yara. Binciken da Carolyn Emery ta jagoranta a 2010 ya gano cewa 'yan shekara 11 da 12 da aka yarje wa bangazar juna a lardin Alberta sun ninka takwarorinsu na Quebec, inda aka hana, sau uku wajen jin rauni. A 2013 aka hana bangaza a wannan rukuni a faɗin ƙasar. Masu sa ƙananan yara dambe suna da abin dubawa a nan, musamman game da duka a kai.

A Nijeriya matsalar shekaru ta ɗauki wata siffa, saboda yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, wadda Kano da Kaduna da Bauchi suke cikin biranen da suka karɓi baƙuncinta. A 2016 'yan wasan Nijeriya 26 suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da Nijeriya. Uban da yake fatan ɗansa ya je Gasar Matasa ta Ƙasa, ta 'yan ƙasa da shekara 15, ya fara da yi masa rajistar haihuwa.

Lafiya da yanayi

Binciken lafiya yana gaba da kowane gwaji. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola. Chineme Martins ya rasu bayan ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya a watan Maris na 2020. Yaron da yake suma, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya yi gudu, ko wanda wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, likita zai fara gani. Sanin rukunin jini ma wajibi ne. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne. Mai AS yana iya wasa har ya zama zakara, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana da haɗari gare shi fiye da mai AA.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Kebbi. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha, binciken lafiya na 2018 kuma ya nuna kashi 66 na irin waɗannan yara ba su kai tsayin shekarunsu ba. Don haka matashin Liba da ya gaza a gudun minti 12 wataƙila ba raggo ba ne, ƙarancin jini ne yake damunsa, kuma maganinsa yana asibiti da tukunya kafin fili. Saboda wannan dalili ne ma jadawalin da aka tsara da yaran Kanada ba zai zama ma'auninsa kai-tsaye ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40, hunturu kuma yana zuwa da ƙurar da take takura masu asma. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, a kuma kauce wa gwajin juriya ga mai azumi. Auna nauyi kafin atisaye da bayansa yana nuna ruwan da aka rasa: kilo ɗaya kimanin lita ɗaya ne, kuma rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ƙwazo.

Yadda ake amfani da sakamako

Ɗan kasuwar Jega ya san cewa ba a saye da wani mudu a sayar da wani sannan a ce an san riba. Haka gwaji yake: fili ɗaya, lokaci ɗaya na rana, takalmi iri ɗaya ko ƙafa ba takalmi, mai riƙe agogo ɗaya. Ana fara da ɗumama jiki, a yi gwajin sauri da tsalle, a bar na juriya a ƙarshe. A gajerun gwaje-gwaje ana ba da dama biyu ko uku, a rubuta mafi kyau. Sau uku a shekara ya wadatar ga matasan karkara: kafin damina, bayan kaka, da kuma ƙarshen hunturu.

A ɗauki misalin 'yan kokawa biyu masu nauyi ɗaya da suke yawan shan kaye. Na farko tsallensa da riƙonsa suna da kyau, amma nisansa a minti 12 ya gaza na tsaransa. Wannan yakan faɗi ne idan wasa ya yi tsawo, kuma gudu yake bukata. Na biyu numfashinsa ya isa, amma ba ya iya daƙiƙa goma a kan ƙafar hagu. Wannan a binciki idon sawunsa, a ba shi atisayen daidaito. Ba tare da awo ba, dukansu za a ce musu su ƙara himma. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma karayar da aka kauce mata ta fi wadda aka ɗora da kyau.

Iyakar gwajin

Lambobi ba sa auna zuciya, ko karanta abokin karawa, ko natsuwa a gaban taro. A taron gwajin NHL na 2014, wani matashi mai suna Sam Bennett ya kasa jan jikinsa sama a kan sanda ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya. Duk da haka ƙungiyar Calgary Flames ta ɗauke shi a matsayi na huɗu a zaɓen shekarar. A 2024 da 2025 ya ci kofin Stanley da Florida Panthers, kuma a 2025 shi aka zaɓa gwarzon wasannin neman kofin.

Saboda haka masana suke ba da shawarar a kwatanta yaro da kansa na watannin baya kafin a kwatanta shi da wani, kuma kada a sallami ɗan shekara 13 saboda sakamakon safiya ɗaya. Malamin motsa jiki a makaranta, ko ubangidan 'yan dambe, ko ɗan kasuwar da yake ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallon unguwarsu, kowannensu yana iya buɗe littafi, ya ware wa kowane yaro shafi, ya rubuta ranar haihuwa da rukunin jini da tsayi da nauyi da sakamakon gwaji biyar ko shida. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma bayan shekara biyu shafin zai nuna wanda yake tasowa, da wanda ya tsaya, da wanda yake bukatar ganin likita kafin kaka mai zuwa.